Rasuwar Baba Kore na Ɗaki Mai Duhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gaba mai faɗuwa tun ranar Litinin, ni malamin da ke riƙe da makullin ɗakin gwajin haske na sashen Fiziks, a madadin ɗaukacin iyalan ɗakin, nake sanar da rasuwar dattijonmu, injin lesa da kowa ya sani da Baba Kore. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da la'asar, a kan teburinsa na ƙarfe, yana tsakiyar aiki, a gaban mutum uku. Ya tafi a lokacin da ba mu da halin rashinsa, domin ranar Alhamis ɗin nan ɗalibarmu Auta za ta tsaya gaban masu jarrabawa ta kare digirinta na uku, kuma duk abin da ke cikin kundinta daga bakin marigayin ya fito.

Baba Kore ya ga jiya ya ga yau. Ya iso sashen nan cikin akwatin katako tun kafin a haifi yawancin ɗaliban da ke yi masa hidima a ƙarshen rayuwarsa. Ƙofa ta yi masa kaɗan, sai da aka cire taga aka shigar da shi, Farfesanmu, wanda yanzu ya yi ritaya, yana tsaye yana yi wa masu ɗauka tsawa kamar sun ɗauko mahaifinsa daga asibiti. Tun daga ranar bai ƙara ganin rana ba. An shafe gilashin tagar da baƙin fenti, aka rataya labule mai kauri, aka kafa jar fitila a saman ƙofa. Idan ta kama, ko shugaban jami'a ne sai ya ƙwanƙwasa ya jira.

Ga waɗanda ba su san sana'ar marigayin ba, ga ta a taƙaice. Yana haifar da haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ya tura shi ta cikin wani ɗan lu'ulu'u da bai wuce ƙwayar sukari ba, hasken ya fito ta ɗaya gefen kore shar. Gilashin taga abin da ka ba shi shi yake mayar maka. Irin wannan lu'ulu'un kuwa, idan haske ya yi masa ƙarfi, sai ya canja shi, kuma nazarin abubuwa masu wannan hali shi ne abincinmu a ɗakin nan. Daga wannan koren ya samo sunansa. Baba kuwa ɗalibai ne suka ƙara masa, don sun lura ba ya son a yi masa gaggawa.

Ya kasance mai tarbiyya da koyar da ita. Babu wanda ya taɓa shiga wurinsa da zobe ko agogo, don kada haske ya daki ƙarfe ya koma idon wani. Babu mai sunkuyawa har idonsa ya zo daidai da tebur, ko da makullin motarsa ne ya faɗi. Wani babban baƙo da ya taɓa raina wannan doka ya jingina da tebur yana jawabi, ya fita da huji a hannun kwat ɗinsa, kuma har yau ba mu ji marigayin ya ba shi haƙuri ba. Bai taɓa shiga yajin aiki ba. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, duk da cewa mutum nawa suka hau kujera da guminsa, har da mai rubuta wannan sanarwa.

Za mu yi kewar muryarsa. Da safe idan aka murɗa makulli, injin sanyaya masa ruwa ne ke fara gyaran murya, gurrr, sai fanka ta amsa, sannan shi ya shigo, tak, tak, tak, tak, bai sauri bai jinkiri. Duk wanda ya yi wata guda a ɗakin yakan tafi gida da wannan sautin a kunne. Injiniya, ma'aikacin da ke kula da lafiyarsa, yana iya faɗa maka halin da ya tashi da shi tun daga kan matakala.

Akwai wata al'ada ta ɗakinmu da ya zama dole a ambata, don ita ce ta kawo mu inda muke. Marigayin ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya daɗe a kunne. Saboda haka tun zamanin Farfesa aka tsara yini gida biyu. Da safe, yana ɗumama jiki, sai a yi awon banza, wato a auna samfuri ba tare da an sa masa komai ba, don a san yadda yake a zaune lafiya. Da rana ta yi, Baba ya gama miƙewa, sai a yi awon gaske. Girmamawa ce da tattalin lokaci: ƙaramin aiki ga safiya, babban aiki ga lokacin da dattijo ya shirya. Haka kowa ya tarar, haka kowa ya koya wa na bayansa, kuma babu wanda ya taɓa ganin aibinta.

Auta ita ce ɗaliba ta ƙarshe da Farfesa ya ɗauka kafin ya bar mini ita, shi ya sa sunan ya bi ta, ko da yake uwar yara biyu ce kuma malama ce a wata kwaleji da ta ba ta hutun karatu. Ta shafe shekaru tana renon wani siririn lu'ulu'u nata a cikin kwalba, da fatan ya zama hancin da zai ji yoyon amoniya, iskar nan mai guba ta manyan injinan sanyi, tun kafin ta kai hancin ma'aikaci. Dabarar ita ce a sa lu'ulu'un a ƙaramin akwatin gilashi, Baba ya haska shi, a buɗe famfon tukunyar iskar kaɗan. Idan lu'ulu'un ya ji, layin da ke tafiya a allon kwamfuta zai tashi ya yi tudu. Da safe, famfo a rufe, layi a kwance. Da rana, famfo a buɗe, ga tudu. Ranar da ta fara ganinsa ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ni kuma na fita waje don kada ta ga nawa. Ta maimaita har ta gaji, bai taɓa saɓa mata ba. Mahaifinta, tsohon direban motar haya, tun daga lokacin ya daina kiran sunanta, sai Dakta.

Hutun karatunta ya ƙare, kwalejin ta ce ba ƙari. Wa'adin da jami'a ke ba ɗalibi shi ma ya zo ƙarshe da wannan zangon. Idan ba ta haye ranar Alhamis ba, babu wanda zai iya yi mata alkawarin wata Alhamis.

Ana cikin haka mai jarrabawa daga waje, wata farfesa da aka ce ba ta ɗaga murya kuma ba ta barin komai ya wuce ta, ta karanta kundin ta aiko da tambaya ɗaya tak. Ta ce ta ga duk awon banza an yi shi da safe, duk awon gaske da rana, tana so a juya mata su sau ɗaya kafin ta zo, na gaske da safe, na banza da rana. Mun yi dariya a ɗakin shayi. Na ce wannan baiwar Allah ta rasa abin kamawa ne ta kama agogo. Auta ba ta yi dariya ba, ta dai ce za ta yi ranar Litinin.

A nan ya kamata a faɗi ciwon ajali. Marigayin ya daɗe yana fama, yana ɓoyewa irin ta dattawa. Idan aka tare haskensa da farin kati da safe, ɗigon yakan fito a zagaye tas. Can da rana sai ya ɗan tsuke, ya ƙara haske a tsakiya. Mu muna cewa Baba ya kai ƙarfinsa ke nan. A 'yan watannin nan kuma tak ɗinsa ta fara zuwa da wata 'yar shaƙewa a bayanta, tak-s, tak-s. Injiniya ya ce a ba shi hutu a buɗe shi a duba. Kowa ya yarda da shi, kowa kuma ya ce bayan Alhamis.

Ranar Litinin mun shiga mu uku, ni da Auta da Injiniya, muka sa tabarau na kariya, aka kunna jar fitila. Da hantsi ta buɗe famfon iska. Muka zuba wa allo ido. Layi ya tafi a kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Ta ƙara buɗewa, har warin abin ya fara yi mana yaji a hanci duk da bututun da ke fitar da shi waje, layi bai motsa ba. Na ce ai Baba bai gama farkawa ba, kuma ina faɗa ina jin yadda maganar ta fito ba daɗi.

Da rana ta rufe famfo, ta wanke akwatin gilashin da iska mai tsabta, ta sake farawa. Ba a jima ba layi ya fara ɗagawa. Ya hau, ya hau, ya yi tudun nan da muka sani, wanda ke shafi na farko na kundinta, wanda muka manna hotonsa a bangon ofis. Injiniya ya ce wataƙila famfon na yoyo. Ya shafa masa ruwan sabulu, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya ce to a tsaya haka, injin ya yi zafi fiye da kima, shi bai son abin da yake ji.

Auta ta cire tabarau ta goge ido, ta mayar. Ta ce, "Malam, a fitar da tukunyar waje gaba ɗaya. Sau ɗaya kawai. Ina so in sani."

Muka kwance tukunyar muka gangara da ita baranda, muka rufo ƙofa. A lokacin babu ɗigon amoniya a ɗakin. Marigayin bai taɓa daɗewa a kunne kamar ranar ba. Tak-s, tak-s, tak-s. Layi ya tashi, ya wuce tudun kullum, ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa, yana neman fita daga allo. Ina jin numfashin Auta a bayana. Injiniya ya kai hannu kan makullin injin bai murɗa ba, yana jiran a ce masa. Kafin wani ya buɗe baki sai muka ji ƙas, ƙaramin sauti, kamar an taka gilashin agogo. Koren ya ɗauke. Fanka ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, wari kamar na ƙonannen roba ya cika ɗakin.

Da aka buɗe shi aka ga lu'ulu'unsa ya ƙone a tsakiya, sandar da ke haifar da hasken kuma ta tsage. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da daina yin irinsa. Binciken gawa ya nuna abin da ya kamata mu gani tuntuni. Idan Baba ya yi zafi, haskensa tsukewa yake yi, kamar ruwan tiyo idan aka danne bakinsa da yatsa. Yawan hasken bai canja ba, shi ya sa mitar da ke auna shi ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma inda ya sauka yakan sauka da ƙarfi. Lu'ulu'un Auta wannan ƙarfin yake ji, ba iska ba. Tudun da muka yi shekaru muna yi wa murna zazzaɓin dattijo ne.

Shugaban sashe ya sauko da kansa, abin da bai saba ba. Mutumin kirki ne, kuma na san don tausayi ya yi maganar da ya yi. Ya tambayi ko su wa suka ga awon ƙarshe, aka ce mu uku. Ya tura ƙofa ya rage murya. Ya ce inji ya mutu, wannan kowa zai iya gani da idonsa, kuma babu mai jarrabawar da za ta nemi a maimaita awo da gawa. A rubuta mata cewa an yi niyya, ƙaddara ta riga, a tsaya a kan tsofaffin sakamako. Ya ce babu wanda ya ƙirƙiri lamba ko ɗaya, shiru kawai za a yi. Sannan ya juya ga Auta.

"'Yata, ki karɓi digirinki tukuna. Gaskiyar ba gudu za ta yi ba, kya rubuta ta baɗi."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na dubi yarinyar nan da ta sha barin jariri da zazzaɓi a hannun ƙanwarta don ta zo ta juya kwalba, na ji ina ma a binne abin tare da mai shi. Auta ta kwafe awon ranar a 'yar ma'ajiyarta ta kwamfuta, ta rataya tabarau a ƙusarsa, ta gaishe mu ta tafi. Ranar Talata ba ta zo ba, wayarta a kashe. Shugaban sashe ya leƙo ofishina har na daina ƙirgawa, kowane zuwa da sabon dalili. Wasiƙar da za a aika wa mai jarrabawa tana buɗe a kwamfutata, na rubuta gaisuwa na kasa wuce ta.

Yau Laraba da safe na tarar da ita a ƙofar ɗakin, idanu sun kumbura, amma a tsaye take sosai. Ta ce ta yi ta ƙoƙarin ganin kanta tana yin shiru, kuma ta iya, har ta ga kanta da hular digiri. Abin da ta kasa shi ne hana kanta ganin wani ya karanta kundin nan wata rana, ya ƙera na'ura da shi, ya rataya ta a ɗakin injin da mutane ke aiki, su kuma su saki jiki don an ce musu akwai hancin da ke tsaronsu. Na ce mata ta san abin da zai iya biyo baya. Mai jarrabawa tana iya cewa gano kuskuren da kansa aiki ne, ta ba ta gyara. Tana kuma iya rufe kundin ta ce babu sakamako, babu digiri, kuma babu wanda zai ce ta yi zalunci.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Ka rubuta sanarwar yadda abin ya faru, ka manna a allon sanarwa. Idan kowa ya karanta, ba zan iya canja ra'ayi gobe ba. Tsoron kaina nake ji."

Dalilin da ya sa wannan sanarwa ta yi tsawo ke nan, kuma ina roƙon shugaban sashe ya yi mini afuwa, a allo zai fara ganinta.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, injin sanyaya ruwa, wadda har jiya aka same ta tana gurnani ita kaɗai don an manta a kashe ta. Ya bar madubai da yawa a jere a kan tebur, kowanne na kallon inda haske ya saba fitowa, kuma ana gargaɗin masu ta'aziyya kada wanda ya taɓa ko ɗaya, don saita su ya ci rabin ƙuruciyata. Ya bar tabarau na kariya, ɗaya ɗaure da zare. Ya bar farin kati mai tabon ƙuna. Ya bar ƙaninsa, ɗan ƙaramin lesa ja na nuna rubutu a allo, wanda ba zai iya riƙe gidan ba. Ya bar daktoci da farfesoshi a jami'o'i daban-daban, waɗanda muke shawartar su zauna su tuna da wane lokaci na yini suka yi nasu awon. Ya kuma bar Auta.

Ta karanta wannan rubutu kafin a manna, ta yi gyara wuri ɗaya. Na rubuta cewa marigayin ya yaudare mu, ta soke. Ta ce shi kullum yana nuna ciwonsa a kan farin kati, mu ne muka sa masa suna ƙarfi.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da hantsi. Ba za a kai shi ɗakin ajiyar tarkace ba tukuna. Bisa buƙatar Auta, za a cire taga kamar yadda aka yi ranar zuwansa, a ɗora shi a kan amalanken ɗakin gwaji, a tura shi zauren jarrabawa, a ajiye shi kusa da allo da murfinsa a buɗe, don mai jarrabawa ta ga ƙunar da idonta. Injiniya ne zai ja gaba. Hoton farko da za a haska shi ne tudun ranar Litinin, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta cewa tukunyar iska tana baranda.

Zaman makoki a ɗaki mai duhu ne, bayan masu jarrabawa sun fito da hukunci, ko wane iri ne. Za a kunna jar fitila, mai shigowa ya ƙwanƙwasa, ya cire zobe da agogo kamar kullum. Ba a buƙatar jawabi.

Roƙo ɗaya iyalan ke yi. Za ku ga wani dattijo a kujerar gaba da sabuwar riga, ya zo tun kafin a buɗe zauren. Mahaifinta ne, kuma bai iya karanta allon sanarwa ba. Don Allah kada kowa ya yi masa bayani, kada kuma a yi masa gaisuwar da za ta sa ya tambaya. Ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta a baranda, kafin ta shiga. Idan kun ji ya kira ta Dakta, ku bar shi.